Saƙon Pam da na goge

Ni ɗan unguwar Kwararafa ne a Jos, ɗan tela. Tun ina yaro hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Rediyon mahaifina ta sha kwancewa a hannuna, ni kuma na sha bulala a kanta, amma kullum sai na mayar da ita tana magana. Da na gama sakandare aka kai ni koyon gyaran kwamfuta a kasuwar Taminus, bayan 'yan shekaru na samu teburina a ƙarƙashin matakalar wani bene. Ina da fara'a, ina da bakin lallashi, ana ganina a sahun sallah. Mutane sun yarda da ni, kuma a lokacin ba su yi kuskure ba. Ku matasa da kuke tasowa da waya da kwamfuta a hannu, dominku nake wannan rubutu.

A sana'armu, mai kaya yakan ajiye kwamfutarsa, ya faɗa maka kalmar sirrinsa kamar yana faɗa maka sunan unguwarsu, ya tafi harkarsa. In ka ce masa wani abu ya mutu a ciki, ba ya cewa a nuna masa. "Oga, canza kawai, ka jefar da tsohon." Haka kowa yake cewa, mai digiri da mai sayar da tumatir. Na daɗe ina jin wannan magana kafin shaiɗan ya nuna mini ƙofar da ke cikinta.

Da finafinai na fara. In aka kawo gyara sai in kwafi abin da ya yi mini, in ce ai ban rage wa kowa komai ba. Daga nan sai baturi: in cire mai kyau, in sa mai gajiya. Sai na ajiye kwando a ƙarƙashin tebur ina tara matattun kaya, duk wanda ya zo da lafiyayye in musanya masa. Abin da ya fi kawo riba shi ne rumbun ajiya, ɗan ƙarfen nan da ke riƙe da duk hotuna da takardun mutum. In goge shi tas, in sayar wa wani. Kafin in ankara, yaran da ke fasa ɗakunan ɗalibai sun san teburina. Su kawo, in goge, in sayar, mu raba. Ko a jikina. Har ina yi wa abokan sana'a dariya wai ba su waye ba.

Wata rana da damina wata dattijuwa ta zo da kwamfuta naɗe a cikin zani. Maman Pam ake ce mata, 'yar Birom ce, tana sayar da dankali a Tina Junction.

"Yarona," ta ce, "kwamfuta na Pam ne, ɗana. Ya rasu a asibiti. Kafin ya tafi ya ce ya bar mini magana a ciki. Mun kawo gida, ya ƙi tashi."

Na ce, "Allah ya ba da haƙuri, Mama. Ki dawo gobe."

Tana juya baya na sa sukundireba. Ba wani ciwo ba ne, wani ɗan abu ne ya goce daga mazauninsa. Na danna shi da yatsa, kwamfuta ta tashi. Sai idona ya faɗa kan rumbun: sabo, irin mai saurin nan, kuma tun safe wani mutum ya ce mini in na samu irinsa in ajiye masa.

Bidiyon yana nan a fuskar kwamfutar, ba sai an nema ba. Gulma ta sa na buɗe. Wani saurayi ne sa'ana, ya rame, yana jingine a gadon asibiti da hular sanyi a kansa. Da yarensu yake magana, ban ji komai ba sai "Mama". Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, ya jira ya lafa, ya ci gaba. A wani wuri ya dafa ƙirjinsa ya daɗe yana faɗin wani abu a hankali. Na kalla har ƙarshe. Ina da filas a aljihuna, ɗan abin nan da ake kwafar bidiyo a ciki, kwafewa ba za ta ɗauke ni lokacin shan shayi ba. Amma na ce in na ba ta bidiyon, yaya zan ce rumbun ya mutu? Mai saye ya dawo yana tsaye a kaina yana duba agogo. Na goge, na miƙa masa. Ban san sunansa ba, ban sake ganinsa ba.

Washegari na shirya fuskar jimami na ce mata, "Mama, rumbun ya ƙone. Babu abin da za a iya cirowa."

Ina jiran ta ce in jefar, sai ta miƙo hannu.

"Ba ni shi."

"Mama, ba shi da amfani fa."

"Na sani. Amma muryan yarona yana ciki. Ko ba zai fito ba, bari ya zauna a gida."

Babu wanda ya taɓa tambayata haka. Na sunkuya na laluba kwando na ɗauko wani matacce na ba ta. Ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe shi a hankici, ta sa a ƙirjinta. Ta yi mini addu'a, ta ajiye mini ledar dankali ta tafi. Na kai gida aka soya, na ci. Wannan dankalin har yau ban manta shi ba.

Ashe tana da 'ya mai aiki a Abuja, Kaneng. Da ta zo hutu ta tarar da uwarta ta ajiye ƙarfen a kan tebur kusa da hoton Pam, tana share masa ƙura. Sai ta ɗauka ta kai wa masu na'urar da ke farfaɗo da matattun rumbuna. Suka yi aikinsu, abu ya fito. Hotunan sunan wani jariri ne a gidan wasu Hausawa, da rago da 'yan uwa, mutanen da ba su taɓa gani ba.

Kaneng ba ta yi hayaniya ba. Ta zo da 'yan sanda, ta tsaya a gaban teburina ta ce, "Oga, ina na ɗan'uwana?" Aka jawo kwandon, aka buɗe akwatin da nake ɓoye kwamfutocin sata, aka fito da ni da ankwa ta tsakiyar Taminus, masu talla suna leƙe. A kotu ban yi musu ba. Mahaifina ya zo zama ɗaya, ya kalle ni, bai sake dawowa ba. Ina gidan yari ya rasu.

Za ku zaci yunwa ko kwarkwata ko sanyin Jos a kan siminti ne suka fi damuna a gidan yari. Sun dame ni, amma mutum yana sabawa. Pam ne ban saba da shi ba. Ina layin abinci sai in ga hular nan. In wani ya yi tari a bayana sai in juya da sauri. Ko a sujada, in na rufe ido, ga shi yana dafa ƙirji yana faɗin abin da ban fahimta ba. Sannu a hankali na gane abin da ya fi ba ni tsoro: duk duniya ni kaɗai na ga wannan saƙo. Yaro ya tattara ƙarfinsa na ƙarshe ya yi wa uwarsa magana, ta faɗa a kunnen ɓarawon da ba ya jin yarensa.

Da aka sake ni na tuba ga Allah, na nemi waɗanda zan iya samu na roƙe su gafara. Wurin Maman Pam ne na yi ta jinkiri, amma na je. Na same ta a bakin titi, ta tsufa ƙwarai. Na durƙusa. Ta gane ni nan take.

"Ka kalla kafin ka goge?"

"Na kalla, Mama."

"Me ya ce?"

"Da yarenku ya yi. Ba na ji."

Ta sa na zauna a kan buhu. Ta tambaye ni launin hular, na faɗa, ta ce ita ta saƙa masa. Ta tambaya ko ya yi kuka, na ce a'a, dariya ya yi. Sai ta ce in gwada faɗin ko kalma ɗaya yadda na ji ta. Na gwada. Ta matso da kunnenta kusa da bakina, mashina suna wucewa, na maimaita, na sake maimaitawa. Ta girgiza kai, ta ce wannan ba magana ba ce.

"Yafewa, na yafe tun kana ciki," ta ce. "Amma ka riƙa zuwa. Wataƙila wata rana abin da ya ce zai dawo maka."

Yanzu ina gyara a wani ɗan shago, kuma ba na buɗe kwamfutar kowa sai mai ita yana tsaye. Ku ma kada ku yarda da ƙasa da haka. Abin da kuke ƙauna, hoton uwa ko muryar ɗa, kada ku bar shi a wuri ɗaya. Ku kwafa a filas, ku tura wa ɗan'uwa tun yau. Kada ku bar kalmar sirrinku a hannun mai gyara ku tafi. In an ce abu ya mutu, ku ce a cire shi a gabanku a ba ku.

Kai kuma da kake koyon wannan sana'a, kake ganin musanya baturi ɗaya ba komai ba ne, ni ma haka na gani. Abin da aka ajiye a teburinka ba ƙarfe ba ne kawai, kuma ba ka san abin da ke ciki ba. Hukuncin kotu yana ƙarewa, ni nawa ya ƙare. Amma har yanzu nakan je Tina Junction in zauna a kan buhun nan. Tana ganina take ajiye mudu, ta goge hannu a zani, ta matso da kunnenta.