Idon Mai Tabarau Ba Yawo Yake Ba

Kullum ina cikin goge tebura take shigowa. Ta gaishe ni, ta share tabarau da gefen mayafi, ta zauna gaban kwamfuta. Aikinta duba umarnin da matasan ofishinmu ke rubuta wa na'ura kafin a fitar da shi. Ni mai shara ne, ban san ko harafi ɗaya a rubutun nan ba, amma shekara ashirin ina kallon idanun masu karanta shi. Na matasa gangarowa suke daga sama har ƙasa kamar ruwan indararo. Nata kuwa sai ya yi tsalle ƙasa, ya koma sama, ya tsaya cak, ya sake dawowa.

Sabon manaja ya kawo wata na'ura mai bin ƙwayar ido, wai a gane masu aiki da gaske. Aka ba kowa shafi iri ɗaya, na tsarin fitilun ba da hannu a mararraba, wanda ke sarrafa wata fitilar gwaji da ke ofishin. Zanen motsin idon mai tabarau ya fito a hargitse kamar tonon kaza.

"Inna, idonki yawo yake," in ji manaja. "Ki huta haka nan, ƙarshen wata ki ajiye aiki."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ɗana, na'ura ba layi-layi take bin umarni ba. Inda ta taka nake takawa. Ɗauke wa fitilar gwajin can wuta, ka maido mu gani."

Ya yi, yana murmushi. Kore ya kama a dukkan hannu huɗu lokaci guda. Ina riƙe da tsintsiya na ga murmushin ya bushe. Mutum tara sun wuce layin da kuskuren yake da miƙaƙƙun idanunsu.

Ke ce Mai Tabarau, mai komawa baya don wasu su isa gida lafiya. Shekara shida kika ƙara a kujerar nan, yau kuma da ƙafarki kika tashi, ba wanda ya ture ki. Na gode, a madadin direbobin da ba su ma san da ke ba.

Ku kuma yara, ku daina jin kunyar maimaita karatu. Wanda ke gardama ya zo sito in nuna masa na'urar manaja. Ni nake kaɗe mata ƙura.