Ranar da Caji Ya Ƙare Mana a Hanyar Kalgo

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da wata Asabar ta farkon damina, ranar da motata mai aiki da lantarki ta tsaya cak a daji tsakanin Gwandu da Kalgo, mahaifiyata tana zaune a ciki. Shekaru sun shuɗe, amma duk lokacin da na bi ta wajen sai abin ya dawo mini sabo.

Ni a da malamin lissafi ne, daga baya na ajiye alli na koma jigilar albasa da shinkafa. Mu biyu ne maza a wurin Inna: ni ina Gwandu tare da ita, sai yayana da noman shinkafa ya zaunar a Kalgo. Muna da wata tsohuwar a-kori-kura ta haɗin gwiwa, mai shan fetur ba tausayi. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi, sai ya zamana kusan gidan mai muke yi wa aiki. Ana cikin haka na je Kano, na ga wata ƙaramar a-kori-kura mai batir a wurin wani dila, na dawo gida da ita a raina kamar saurayin da ya ga budurwa a biki.

Na zauna na cika takardu da lissafi. Ba fetur, ba baƙin mai, ba fulogi, ba layi a gidan mai. Kuɗin sayenta ya fi na mai fetur nesa ba kusa ba, amma a takardata cikin 'yan shekaru za ta fanshi kanta. Na ɗauki takardun har Kalgo na shimfiɗa wa yayana a kan tabarma. Ko kallonsu bai yi ba.

Ya ce, "In ta lalace, wa ka gyara ta? Kuma wutar ga da kake magana, yaushe rabonku da ita kwana ukku a jere?"

Na ce ai zan sa sola. Ya ce da wane kuɗin, bayan na kwashe komai na zuba a mota? Na ji haushi, don ya taɓo inda yake mini ciwo, na ce masa shi dai komai sabo tsoro yake ba shi. Sai ya ce, "To, kai ka yi boko. Yi yadda kag gani." Muka sayar da tsohuwar, na sayo sabuwar. Daga ranar zumuncinmu ya koma gaisuwar waya, ita ma a taƙaice. Ba faɗa muka yi ba, amma kowa ya riƙe abinsa a ciki.

Zan faɗi gaskiya, motar ba ta ba ni kunya ba da farko. Tana tafiya shiru, ba hayaƙi, kuma abin da nake kashewa a kanta bai kama ƙafar na da ba. In an kawo wuta sai in jona ta a zaure ta yi ta sha. Maganar sola kuwa kullum sai wata mai zuwa. Abin da ya ƙara fasa mini kai shi ne akwai soket a bayanta da za ka jona fanka ko firiza. Nan take na zama babban mutum a unguwa. Kowa ya kawo wayarsa caji, ni kuwa ina ta washe baki.

A makon da abin ya faru, iska mai ƙarfi ta kayar da turakun wuta, muka kwana huɗu ba lantarki. Cajin motar ya ɗan haura rabi, ina ta lallaɓa shi. Sai ranar Asabar da sassafe maƙwabcina, wanda ake sunan ɗansa, ya yi sallama. Yana so a jona lasifika da firizar zoɓo da fankoki biyu na manyan baƙi. Zuciyata ta ce in ƙi. Amma a wurinmu ba ka hana maƙwabci abin da idonsa ke gani a ƙofar gidanka, balle ranar farin cikinsa. Kuma, in ban ɓoye ba, ina son a ga abin da motata ke iyawa. Na ce bismilla.

Da hantsi wayata ta yi ƙara. Matar yayana ce. Ta ce ya yanke jiki ya faɗi a gona, an kawo shi gida, jikin ya tsananta, kuma ba abin da yake faɗa sai a kira masa Inna. Na cire wayoyin mutane daga jikin motar, na duba allon da ke nuna cajin. Na yi lissafin a tsaye: in ni da Inna ne kaɗai, muka miƙe ba ratse, za mu kai, da ɗan saura.

To amma wa ya taɓa zuwa dubiya shi kaɗai a garinmu? Kafin Inna ta gama neman mayafinta labari ya zaga gidan suna. Ina fitowa na tarar bayan motar ya cika maƙil. Gwaggonnina biyu, limamin unguwa, maƙwabta maza da mata, har da wata tsohuwa da ta ce ita ta yi goyon yayana. An ɗora tabarmi, kulolin abinci da buhun gero. Na tsaya riƙe da ƙofa ina kallonsu. Na san sarai nauyin nan zai cinye cajin. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa: ku sauka. Amma ta yaya zan dubi liman da gwaggonnina, waɗanda suka fito don Allah da zumunci, in ce su sauka? Kuma bayan duk cika bakin da na yi, in tsaya gaban jama'a in ce motata ba za ta iya ba? Na haɗiye maganar, na tayar da mota.

Ba mu yi nisa ba babbar gwaggona ta buga rufin motar. "Ratsa Dodoru mu ɗauki Baffanku. In munka wuce shi, mi za mu ce mai gobe?" Na ratsa. Baffa yana alwala muka same shi, sai da ya canza riga, ya fito da ɗansa babba. Lokacin allon ya fara nuna abin da ba na son gani. Sai na ƙara kuskure a kan kuskure: na bar kwalta na bi wata hanyar yanke da na sani tun ina yaro, wai don in rage nisa. Ruwan da aka yi ya mayar da ita laka da yashi. Motar ta riƙa nishi, cajin yana zuba ina kallo. Inna tana gefena tana jan carbi. Daga baya motar ta rage gudu da kanta, ta koma tafiyar jaki, sannan kusa da wata tsamiya ta tsaya.

Ba gida gaba ba gida baya, sai gonaki da ba a daɗe da shukawa ba. Mun fi rabin awa kafin wani ɗan acaba ya ɓullo. Bawan Allah ya tsaya da kansa, ya ce, "Sannunku. Mai ya ƙare? Ku ba ni galan, ga 'yan bumburutu can bakin titi, yanzu in kawo muku."

Wallahi ban taɓa jin maganar alheri da ta soke ni kamar wannan ba. Duk tsawon rayuwata haka muke yi. Mota ta yi lodin da ya wuce kima, ta ratsa nan ta ratsa can, in mai ya ƙare a aika a sayo a galan, tafiya ta ci gaba. Da wannan sabon da muka yi jama'ar nan suka hau, da shi kuma ni kaina na tayar da mota. Na ce wa ɗan acaban ba ta shan mai. Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce, "To mi taka sha?" Ba wanda ya yi dariya.

Ina cikin kiran wani direba a Gwandu ya zo ya kwashe mu, sai kiran Kalgo ya shigo. Ƙanin matar yayana ne. Ya yi salati, ya ce rai ya yi halinsa. Ban san yadda na faɗa wa Inna ba. Ta dai rufe ido ta ce Inna lillahi, ta ci gaba da jan carbinta. Yayana shi ne ɗanta na fari, kuma Inna irin matan da ne masu alkunya. Tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan na Kalgo". Ko a wannan lokacin ba ta yarda an ga hawayenta ba.

Ƙafafunta ba sa barin ta hau babur. Ta ce, "Kai tahi. Kada a sa shi ƙasa babu ɗan'uwanai." Na hau bayan ɗan acaban, na bar ta a ƙarƙashin tsamiya tare da sauran.

Na isa an yi masa wanka an sa likkafani. Na roƙi dattawa a jira Inna ta zo ta yi masa addu'a, ta ga fuskarsa. Suka jira har aka yi la'asar, suka ƙara jira. Direban da na kira sai da ya nemo mai, sannan ya ɓata hanya, don ba kowa ya san yanken nan ba. Ga zafi, ga hadari yana haɗowa ta gabas. Limamin garin ya ja ni gefe ya ce ba a ajiye mamaci haka. Na kira wayar gwaggona na ce a ba Inna. Ina kuka nake ce mata ta ƙara haƙuri, zan tsayar da su. Muryarta ta fito a sanyaye: "A'a. Kada a wahal da shi sabili da ni. Ku kai shi. Na yahe mai duniya da lahira."

Muna dawowa daga maƙabarta motarsu tana tsayawa a ƙofar gida. Aka riƙo ta aka shigar da ita ɗakinsa. Na bi bayanta, na tsaya a bakin ƙofa. Ta zauna a kan tabarmar da ya cika a kai, ta shafa ta da tafin hannu, sai na ji a hankali ta kira sunansa. Sau biyu. Ranar na fara jin sunan a bakinta, kuma ba wanda zai amsa.

Inna ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ko da wasa. Cewa take kwanansa ne ya ƙare, kuma na yarda. Ko da mun miƙe mu biyu, Allah kaɗai ya san ko za mu same shi da rai. Amma da ta ga fuskar ɗanta, wannan kam na sani, kuma ni na hana ta.

Yanzu in wani ya zo neman shawara, mai lantarki zai saya ko mai fetur, ba na zagin ko ɗaya. Mai lantarki ta fi sauƙin riƙo, mai fetur ta fi jure halinmu. Nakan ce masa kafin ya lissafa kuɗi ya fara lissafa kansa: shin zai iya duban maƙwabcinsa ya ce yau ba hali? Zai iya cewa gwaggonsa ta sauka ta biyo wata motar? Ni lissafina daidai yake tun a ƙofar gida, na san amsar, kunya da girman kai suka hana ni faɗa. Abin da na koya ke nan: in ka san gaskiyar abu, ka faɗe ta tun mutane suna iya sauka, ko da za a ji haushinka. Haushin da za su ji da ya wuce cikin kwana biyu, amma abin da shiruna ya jawo wa Inna har ta bar duniya ban iya biyan ta ba.