Sawun Kawu Sale a Wata Duniya

Duk wanda ya zauna a unguwar Nakkasa, can kusa da Harami, ya san Kawu Sale ba ya barin ƙofar gidansa da gaba. Da baya-baya yake fita, tsintsiya a hannu, yana share sawunsa. Ƙanin kakata ne, bai taɓa aure ba, ni nake kai masa abinci a motata ta tasi.

Asalin abin, yana saurayi a hanyar Hajji ya tarar da Turawa a hamada suna ɗaukar fim na wata duniya can sama. A labarin, ɗan Adam bai taɓa taka wurin ba, alhali ma'aikata na ta kai-kawo da fitilu. Sai aka ba Kawu tsintsiya ya riƙa share sawunsu.

"Dodon fim ɗin ma ni na ba shi shayi," yakan ce. "Ya cire kan roba, sai ga siririn Bature yana kukan zafi."

Sai 'yan unguwa, masu kiransa Ammu, wato Kawu da Larabci, su ce, "To, ya Ammu, kai ina kake a fim ɗin?"

"Duk inda ka ga rairayi sumul, ni ne."

A yi ta dariya. Shi ma ya yi, amma na san abin yana cin sa.

Wata rana liman ya zo gaishe shi. Da zai tafi, Kawu ya bi shi da shara.

"Korata kake, Sale?"

"La, a'a, ya Shaikh. Ko za a sake ɗaukar fim ɗin."

Da aka rushe unguwar, muka kama masa ɗaki a unguwar Shisha. Ya dubi tayil ɗin, ya ce, "Ƙasar nan ba ta riƙe sawu. Me zan riƙa yi da safe?" Maƙwabtan ba su san shi ba, ko mai tsokanarsa babu.

A nan na samo masa fim ɗin a wayata. Yana cikin kallo, can ya damƙe hannuna.

"Tsaya. Koma baya."

A gefen hoton, bayan jirgin dodanni, ga sawu guda, babban yatsa a karkace. Kawu ya ɗora ƙafarsa kan tebur, kusa da shinkafar. Ita ce.

"Shugaban masu fim ɗin har hularsa ya jefar saboda wannan sawun. Ashe bai yanke ba! Yalla, maza kira min 'yan Nakkasa, su gani."

Na duba waya. Masu dariyar wasu sun rasu, wasu rusau ya watsa su. Ni kaɗai na gani.

Ranar da ya rasu, Harami cike aka yi masa salla, amma mu ƙalilan muka raka shi makabarta, inda ba a rubuta suna a kan kabari. Muna juyowa, mai gyaran wurin ya taho da manjagara zai daidaita ƙasar da muka tattaka.

Na ce, "Don Allah, bar masa sawun nan zuwa gobe."

Allah Ka jiƙan Kawu Sale, Ka share zunubansa yadda ya share rairayi, Ka ba shi maƙwabta a Aljanna.