Kazar da Na Tsamo a Kanal

Ranar Talata ce, ranar da ake sako mana ruwan noman rani a kanal. Na je buɗe wa tumatirina da hantsi, sai na ga wani abu yana fuffuka a jikin ƙarafan da ke tare shara a bakin kwalbati. Kaza ce, 'yar durgu, irin masu gajerun ƙafafun nan, da kaɗan ta fi tattabara. Na tsamo ta da shebur. Ƙafafunta a ɗaure suke da tsumman atamfa, ɗauri mai kyau, irin wanda ake yi idan za a kai kaza gidan wani.

Ni ba yaro ba ne. Yaya kazar da aka ɗaure za ta kai kanta ruwa? Wani ne ke riƙe da ita. Na san haka tun a bakin kanal ɗin, amma na kwance ta, na kawo ta gida, na yi gum.

Mai ɗakina ta ce, “Malam, ka yi cigiya mana.”

Na ce, “Ke, wa zai zo neman wannan 'yar mitsitsiyar? Ƙyale ni don Allah.” Gaskiyar magana, tsoro nake ji in tambaya a ba ni amsa.

Kazar nan ko sau ɗaya ba ta yi kuka ba. Takan ɗan tsinci tsakin shinkafa, sai ta je jikin katangar da ke kallon kanal ta tsaya cik, ƙafafu a haɗe. Duk mai kiwo ya san yadda kaji ke sarar baƙuwa, amma namu kewaye ta suke yi. Wallahi in na dube ta tsigar jikina tashi take.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wani bawan Allah ya yi sallama a zaure, a galabaice. Daga wajen Bunkure yake, mahaifiyarsa yake nema. Ta fita Talata da sassafe za ta barkar haihuwar jikarta, da 'yar kazarta a hannu. Sun duba asibiti, sun duba tasha, yanzu gida-gida yake bi.

Na shiga na ɗauko kazar, na ajiye a gabansa. Ya durƙusa ya yi wani irin kira da harshe. Sai ga ta ta ruga wajensa tana ta kyarkyara.

Ya ɗago kai, fuskarsa fal murna. “Alhamdulillahi! Ashe ta nan ta biyo. Malam, a wane gida ta sauka?”

Na ce masa, “Bari in sa takalmi, mu je bakin kanal.”