Ilu da Wankin Nozul

Duk wanda ya zauna da Ilu ya san ba a gama zance da shi. Kana tsakiyar ba shi labari mota za ta gifta a titi, sai ya ɗaga maka hannu, ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya. Sai ƙarar ta ɓace sannan ya ce, "Nozul." Shi ke nan labarinka ya mutu. An ce har a zaman makokin kawunmu ya yi haka, liman bai shafa fatiha ba. Ni kuwa in na yi tari a gabansa, cewa yake, "Kande, ki je a kwance a wanke miki."

Ni taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka ba mai hana ni faɗin abin da na ga dama a kansa. Da ransa ma na faɗa masa wanda ya fi wannan. Ban yi boko ba, amma duk Kazaure ba a taɓa kama ni na juya labari ba. Ku 'ya'yansa kuka ce in faɗa a rubuta, to ku saurara, kar wanda ya gyara mini.

Nozul ɗin nan wasu 'yan ƙarafa ne kamar yatsa, su ke fesa wa inji fetur. Ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma shekaru na yi ana yi mini wannan karatu ba da son raina ba.

Ilu fataucin riɗi da wake yake yi, yau Roni, gobe Gwiwa, jibi Babura. Mutum ne da bai iya zama ba. In ya zo gaishe ni a tsaye yake shan ruwa, kafin in shimfiɗa tabarma ya kai zaure. A babur yake wannan yawo har ya fara faɗuwa, sai babban ɗansa Nasiru ya saya masa wata jar mota 'yar Kwatano. A gabana ya miƙa masa makulli, ya ce, "Baba, da sharaɗi. Ranar da tuƙi ya fara gagarar ka zan karɓa, kuma ba fushi."

Ilu ya ce ya yarda. Amma tun daga ranar a mazugin wandonsa yake ɗaure makullin nan. Ya san in aka raba shi da motar, sai zaman dakali, shi kuwa gara a ce masa ga kabari da a ce masa ga dakali.

Abin da yawancinku ba ku sani ba, da farko Ilu ne babban maƙiyin wankin nozul. Cewa yake wayon makanikai ne. "Abin da kullum yake cikin fetur, da me kuma za a wanke shi?" Dabararsa ita ce tace mai. In ya sayi na jarka a hannun 'yan bumburutu, sai ya shimfiɗa ƙyalle a bakin mazurari. Rannan na nemi farin kallabina da na shanya a kan igiya na rasa. Na leƙa waje, ga shi a bakin tankin Ilu.

Na ce, "Ilu, kallabina ne fa."

Ya ce, "Na duba duk gidan, shi ya fi ƙananan ido. Ki yi alfahari."

Kallabina bai cece shi ba. Wata dawowa daga Babura ya sha wani mai mai laka, motar ta kama tari, in ya taka totur sai ta yi kamar za ta mutu, ga zuƙar mai kamar ana zubarwa a ƙasa. Da ƙyar ta kawo shi garejin Ado makanike. Ado ya zaro ƙarafan, ya haɗa musu waya, ya nuna masa: ɗaya na fesawa, ɗaya na ɗiga, ɗaya ko gezau. Ya wanke, ya mayar. Motar ta tashi da bugu ɗaya, murya ta koma kamar ta yarinya.

Ado ya ce, "Baba, ka ga amfaninsa. Amma sai ta nuna alama ake yi. In lafiyarta ƙalau, a bar ta. Ka dai riƙa shan mai mai kyau."

Rabin farko na maganar Ilu ya ji. Rabin ƙarshe har ya koma ga Allah bai shiga kunnensa ba.

Daga nan muka shiga uku. Taya ta yi faci, nozul. Fitila ta ƙi kamawa, nozul. Ya sayo wani magani na kwalba da ake tsiyayawa a tanki, yana ba motar kamar mai ba yaro maganin shawara. Ado ya gaji, har ɓuya yake a ƙarƙashin motar wani in ya hango jar motar ta karyo kwana. Da Ilu ya gane, sai ya sayi sifana ya koyi kwancewa da kansa.

Ranar sunan jikata a Gwiwa na ɗanɗana. Kun san funkasona, ba sai na yabi kaina ba, daga Roni ake aiko a yi. Na cika babbar roba, na rufe da sabon zane, na shiga gaba na rungume ta. Motar na tafiya sumul. Mun fita gari kaɗan sai ya karkata kai.

Na ce, "Kar ka soma."

"Ba ki ji ba? Tana wani ɗan tsaki."

"Ni ce na yi tsakin."

Ya faka a gindin wata tsamiya ya ɗaga bonet. Na zauna, na tashi, na zagaya motar, na sake zama. Rana ta ɗaga, motoci na wucewa da mata 'yan suna suna ɗaga mini hannu. Shi kuwa yana tsugune da ɗan kwano yana wanke abin da ba datti, yana ɗagawa sama yana leƙawa. Garin yawan cirewa da mayarwa ya tsinka wata 'yar roba, fetur ya kama tsiyaya, sai da ya tare mai babur ya koma gari ya sayo wata. Da yunwa ta ci shi, ina can ina alwala, ya buɗe robata da wannan hannun nasa mai fetur ya laluba har ƙasa yana neman mai taushi.

Sai bayan la'asar muka shiga Gwiwa. Surukar 'yata, mace mai baki, ta gutsura ta tauna a hankali a gaban mata, ta ce, "Hajiya Kande, wannan in aka ba babur zai kai Daura."

Ni da ake layi a kan funkasona. Na juyo na same shi a ƙofar gida na zazzage masa. Ya bari na gama tsaf, ya ce, "Amma tsakani da Allah, daga tsamiyar nan zuwa nan, kin ji ta yi tsakin?"

Na daɗe ban shiga motarsa ba.

To, daga baya sai motar ta fara fizga da gaske. Tana cikin tafiya sai ta zabura, ta lafa, ta sake zabura. Ilu ya wanke, ba ta daina ba. Ya kai wa Ado, Ado ya wanke, ba ta daina ba. Ya rame, ya daina tsayawa shan ruwan ma. In Nasiru ya bugo waya sai ya ce mota na gareji ana ɗan duba ta.

Wata safiya Ado ya yi sallama a gidana, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, wajenki na zo. Motar Baba ba abin da ya same ta. Na tuƙa ta har hanyar Roni na dawo, ko sau ɗaya ba ta fizga ba."

"To mene ne?"

"Ƙafarsa ce. Rawa take a kan totur. Ni ba zan iya faɗa masa ba."

Ni ma na lura da ƙafar in yana zaune, na dai kawar da kai ne. Ashe magana ta kai kunnen Nasiru. Ya kira ni ya ce ya yanke shawara, zai sa Ado ya ce inji ya buga, a janye motar, kowa ya huta ba tare da an kunyata Baba ba.

Na ce, "Ubanka tsoho ne, ba yaro ba. Ba za a yi masa ƙarya ina raye ba. Ka ba ni zuwa ranar kasuwar Roni."

Ranar kasuwa na saka mayafina na ɗauki sandata na tsaya a ƙofar gidansa. Ya ce, "Yau kuma an huce?" Na ce daddawa zan sayo. Muka kama hanya. Ban kalli titi ba, ƙasa nake kallo. Ƙafarsa ta dama na kaɗawa, yana danne gwiwar da hannu ɗaya yana riƙe sitiyari da ɗaya, yana ta surutu don kar in lura. A wata gangara tsakanin duwatsu motar ta zabura, saura ƙiris mu hau amalanken shanu da mata a kai. Ya taka birki, kaina ya bugi gilashi.

Na ce, "Sauka gefe."

Bai yi musu ba. Wannan kaɗai ya tsorata ni, don Ilu bai taɓa bin maganata a karon farko ba. Ya kashe motar. Ya kai hannu zai ja abin buɗe bonet, na sa sandata na tare.

"Yaushe aka wanke?"

"Jiya."

Na nuna ƙafar da bakin sanda. Har a lokacin rawa take. Na ce, "Wannan fa, wa zai kwance ta?"

Ya daɗe yana kallon ta kamar ta wani ce. Can ya ce, "Tun yaushe kika gani?"

"Tun damina."

"Kin makara. Ni tun kafin azumi."

"To don me kake wahalar da bawan Allah Ado?"

Ya ce, "Kande, muddin akwai abin da za a kwance a wanke, ai ba a kai kaina ba tukuna."

Muka zauna, masu zuwa kasuwa na wuce mu. Ya shafa sitiyarin, ya gyara madubi, ya goge ƙurar gaban motar da hannun riga. Sannan ya zare makullin, ya kwance igiyar daga jikinsa, ya ajiye mini a kan cinya.

"Ke za ki kai wa yaron nan. Ni ba zan iya miƙa masa ba."

"In ce masa me?"

"Ki ce nozul ne."

Na aika aka kira Ado ya zo ya mayar da mu gida. Ilu a baya ya zauna har ƙofar gida.

Da Nasiru ya zo ƙarshen mako na kira shi ɗakina na ba shi. Na ce, "Ubanka ya ce in gaya maka nozul ne." Ya sa hannu biyu ya karɓa, kansa a ƙasa. Ya ce, "Haka ne, Gwaggo. Nozul ne." Ya fita bai bari na ga fuskarsa ba.

Bai yi shekara a dakalin ba. Ni nake zuwa in zauna daga cikin zaure muna faɗa, don in ba faɗan ba ya cin abinci.

Allah, ga Ilu nan ya zo maka. Bawanka ne da bai taɓa samun wurin zama ya natsu ba, ka ba shi inda zai miƙe ƙafar nan ta daina rawa. Ka yafe masa, ni na yafe, har funkason. In tawa ta zo, ka sa in cika da imani, ka ajiye ni inda zai ji muryata.