Ƙaryar da Na Karanta a Katin Inna

Lokacin da abin ya faru ina aji uku na ƙaramar sakandare a Tudun Wadan Zariya, yarinya ce ni wadda ko a aji sai malami ya kira ni sau biyu kafin a ji muryata. Ba na magana, amma ido na gare ni. Ni ce ke fara ganin maɓallin da ya tsinke a rigar Baba. Ni ce 'yar fari, don haka akwai kunya tsakanina da Inna. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, in za ta aike ni sai ta yi maganar kamar da bango take.

A shekarar ne ma'aikatan lafiya suka zo ƙaramin asibitin unguwarmu suna gwajin ciwon hanta kyauta. Inna ta bi matan layinmu, aka soki yatsarta aka ɗebi jini. Ta dawo da wani koren kati, ta ɗora a kan jakar makarantata, ta ce wa iska a duba mata, don an yi mata bayani amma hayaniyar mata ta hana ta ji. Ita ajami take karantawa, ba boko ba. Na duba. An rubuta cewa an ga alamar ciwon hanta nau'in C, ta je babban asibiti a yi gwaji na biyu, a tabbatar ko ƙwayar cutar na nan. A makaranta kuwa 'yan mata na raɗa cewa wannan ƙanwar ƙanjamau ce, ba a samunta sai ta hanyar banza. Da wane baki zan faɗa wa uwar da ko sunana ba ta iya faɗa? Kuma in Baba ya ji fa? Sai na sunkuyar da kai na ce an rubuta ta rage cin mai, ta riƙa hutawa. Ta yi dariya ta ce wa maƙwabciyarmu ta ji likitocin zamani, wai mai tuyar awara ce za ta rage mai, to su zo su toya mata. Na cusa katin cikin tsohon littafin lissafina.

Bayan sati biyu wata mata ta kira wayar Inna. Hannun Inna na cikin ƙullu, ni na ɗauka. Cikin ladabi matar ta ce daga wurin gwaji ne, ba su ga Hajiya a babban asibiti ba, ko akwai abin da ya hana, su taimaka. Na ce zan faɗa mata. Da ta sake kira na ce ba lambar ba ce. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi cin raina, domin matar ta ba ni haƙuri kafin ta kashe.

Shekara biyu ina kallo. Na ga Inna ta fara zama kafin ta gama tace waken suya. Na ga awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu, alhali ɗaurin zaninta na ƙara gajarta saboda kumburin ciki. Na ga shatin silifa a bayan ƙafarta. Da farin idonta ya koma ruwan ɗorawa aka ce shawara ce, aka jiƙa mata sassaƙe, ni ce ma ke tacewa. Duk na gani, duk na yi shiru.

Wata nas da ke bayan gidanmu ce ta tsaya sayen awara ran Lahadi, ta dawo daga coci. Ta ja fatar idon Inna ƙasa, ta ce Maman yara wannan ba na sassaƙe ba ne, an taɓa gwada ki kuwa? Na shiga ɗaki na ɗauko katin na miƙa mata. Ta karanta, ta dube ni. Washegari ita ta raka mu har tashar Kwangila muka hau mota zuwa babban asibiti.

Gwaji na biyu ya tabbatar da cutar. Likita ya tambayi Inna ko an taɓa ƙara mata jini, ta ce sau ɗaya, a haihuwar fari. Ya ce mai yiwuwa daga nan ne, ko daga reza ko allurar da wani ya yi amfani da ita, kuma cutar kan yi shekaru a ɓoye. Ya ce ƙwayoyin magani ne za ta sha wata uku cutar ta mutu, amma hantar ta riga ta yi tabo, tabon kuwa da wuya ya koma. Sai ya juya katin ya ga kwanan wata, ya tambaya cikin faɗa me ya zaunar da ita shekara biyu. Na buɗe baki. Inna ta riga ni, ta ce sakacinta ne, an karanta mata tsaf, ita ce sana'a ta ɗauke wa hankali.

Cutar ta warke, amma Inna ba ta ƙara zama gaban kasko ba, kuma asibiti ya zama gidanta na biyu. Har yau ba ta tayar da zancen ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na koyi cewa kunya ado ce, amma ba a gaban takardar asibiti ba. Ciwon nan ba abin fallasa ba ne, kuma yana da magani in an je da wuri. 'Yan'uwana da iyaye ke miƙo wa takarda, sun miƙo muku idanunsu ne. Ku karanta abin da ke rubuce. In bakinku ya yi nauyi, ku kai wa wanda zai iya faɗa, a ranar, tun hantar na da sauran gyara.