Rijiyar Kakan Sulaimanu

Sulaimanu tela ne a unguwarmu ta Poumpoumré, jikan fatake, kuma tun muna yara bai taɓa yarda an fi shi gaskiya ba. Ni akawu ne. Da yamma nakan bibiyi gyare-gyaren shafin unguwarmu a kundin sani na intanet, wanda kowa ke iya gyarawa.

A nan ya rubuta cewa kakansa ne ya haƙa rijiyar farko a unguwar. Babu hujja, sai na cire, shi kuma ya mayar.

Ya tare ni a ƙofar siber ɗin da muke shiga intanet. "Kai Hamadu, da na ɗauka kamar ƙanen bayana, ka goge kakana ba ko sallama? Gidana ya yi maka nisa ne?"

Na ce, "Yaya, kawo littafin da ya faɗi haka."

"Littafi? Kakarka ta sha ruwan rijiyar nan!"

Na kai ƙararsa wurin masu kula da kundin. Suka toshe layin siber ɗin gaba ɗaya, har da ni, ba mai iya gyara shafin daga can, kuma gyaransa ne na ƙarshe kafin a toshe. Kakan yana nan a shafin. Duk lokacin da na wuce shagonsa, sai ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Akawu, ko a ɗebo maka ruwa?"